Malam Maiwada Ya Ce a Taƙaita

Malam Maiwada ya rasu ranar Laraba da hantsi a zaurensa na Balan, ɗansa Sagiru bai zo ba. Datti mai faci, maƙwabcinsa, shi ya rufe masa ido.

Malam ya daɗe yana koyar da Turanci a Gaya, kuma da kalma ɗaya aka san shi: "pithy". Yakan ce ma'anarta magana gajera mai nauyi, ɓargo zalla ba ƙashi. Ɗalibin da ya ja zance, bulala. A gida ma haka. Da matarsa Kubura ta rasu, Sagiru na makarantar kwana, Malam ya je ya tsaya a bakin aji ya ce, "Uwarka ta rasu. An binne. Koma ciki."

Ranar Talata ciwo ya yi tsanani. Datti ya kira Sagiru a Kano, ya kara wa Malam wayar a kunne. Abin da bai taɓa ji ba ya ji: Malam na jan gaisuwa. Ya iyali, ya yara, an yi ruwa nan, gyaɗa ta yi kyau, ka tuna bishiyar mangwaron da kai da mahaifiyarka...

"Baba," in ji Sagiru, muryarsa na fita sarai, "a taƙaice."

Malam na haki.

"Zo," ya ce.

"A'a."

Wayar ta katse. Datti ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya hau gyara matashi.

"Sabis ne, Malam. Ka san garin nan."

"Kai Datti, ba ka iya ƙarya ba." Ya juya fuska bango. "Yaron ya iya. Duk ɗalibaina babu kamarsa."

Bayan an dawo daga maƙabarta Datti ya sake kira. Ya shirya magana mai tsawo, ta haƙuri da haƙƙin iyaye. Sagiru bai bari ya fara ba.

"Ya rasu?"

"Ya rasu."

"An binne?"

"An binne, amma Sagiru, don Allah..."

"To, Baba Datti. Koma ciki."

Gobe ne sadakar uku. Datti ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ya bar gurbi ɗaya kusa da liman, inda ɗan mamaci ke zama. Duk babur ɗin da ya taso daga hanyar Gaya, sai ya ɗaga kai.