Ranar da Aka Fitar da Gadon Baba Tela

Gidan da Auta ta gada daga mahaifinta ya tsufa, rufinsa na yoyo wuri uku. Ta yi niyyar gyara shi ta raba biyu ta ba da haya. Sai dai ofishin tsara gari ba ya ba da takardar izini sai jami'insu ya zo ya ga gida ya yi daidai da zanen da ke fayil ɗinsu.

A zanen kuwa, ɗakin da ke can ƙurya sito ne, ba a yarda mutum ya kwana ciki ba. Alhali Baba Tela, aminin mahaifinta, shekararsa ashirin da bakwai yana kwana a ciki. Shi ya ɗinka mata kayan makarantarta na farko.

Maginin da ta ɗauka aikin, wanda ba abin da ke masa wuya a baki, ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne. A fitar da gado, a jibge siminti, jami'i ya gani ya tafi. Kowa haka yake yi."

Auta ta yi kwana biyu tana juya maganar kafin ta iya faɗa wa tsohon. Ya saurara yana zura zare a allura.

"Na awa ɗaya ne kawai, Baba."

"To, 'yata. A yi abin da ya dace."

Da kansa ya kama ƙafar gadon, magini na cewa ya bari, shi yana cewa ya fi kowa sanin inda yake maƙalewa a ƙofa. Aka ɓoye gado da keken ɗinki a bayan tankin ruwa, aka lulluɓe da tamfol. Tsohon ya ciro madubi da kalanda, ya ciro har ƙusoshin.

Jami'in ya iso da hantsi, mutum mai fara'a, da tef ɗin awo a aljihu. Ya leƙa ɗakin, ya dubi buhunan siminti, ya dubi bango inda madubi ya bar farin wuri. Ba wawa ba ne. Amma ba a aiko shi karanta bango ba, tambaya aka ba shi ya yi.

"Akwai mai kwana a nan?"

Baba Tela na zaune kan benci, taku uku daga gare su.

Auta ta ce, "Babu kowa."

Jami'in ya rubuta, ya sa hannu, ya ce ta je ta karɓi takarda ranar Litinin. Kunya ta rufe ta, duk da ta samu abin da take so.

Motarsa na barin layin ta kira magini a mayar da kaya. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Ku bar shi nan. Ɗan ƙanena ya daɗe yana roƙona in koma wajensa. Gobe zai turo mota."

"Haba Baba! Ai ka san don takarda na faɗa. Kai ma ka yarda."

"Na yarda, 'yata, ba ki yi laifi ba." Ya yi murmushi, yana shafa gwiwarsa. "Na ɗauka za ki ɗan yi jim kafin ki amsa."