Takardun da Ban Buɗe Ba

Makarantu uku suka sallami ɗana kafin ya cika shekara takwas. Kakarsa ce ta laƙaba masa Guguwa, kuma ba ta yi masa sharri ba, don ko abinci a tsaye yake ci. Likita ya ce lalura ce, hankalinsa ba ya iya tsayawa wuri guda, ba rashin ji ba ne. Malamai kuwa ina ruwansu da likita. Duk takardar da ta zo daga makaranta na san abin da ke ciki: ya fasa, ya ture, ya hana aji karatu, a zo a ɗauke shi.

Lokacin da na kai shi ta huɗu, zuciyata ta riga ta gaji. Malamar ajinsu, wata doguwa mai tabarau da ke jan ƙafar hagu, ta fara ba shi takarda duk ƙarshen mako, a ninke huɗu. Ina karɓa sai in jefa cikin gwangwanin maɓallai a ƙarƙashin keken ɗinkina. Idan korarsa za su yi, su kira ni a waya. In na hango ta a bakin ƙofar makaranta tana ɗago min hannu, sai in fizgi Guguwa in ƙara sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Muka kusa cinye shekara muna wannan wasan ɓuya.

Wata Asabar, garin ƙiriniyarsa, ya kifar da gwangwanin. Na buɗe baki zan zazzaga masa faɗa, sai na ji yana karanta ɗaya daga cikin takardun, yana bi da yatsa:

"Yau... ya zauna... minti goma sha biyu. Shi ya share allo."

Ban ma san ya iya karatu haka ba. Na zauna a ƙasa cikin maɓallai na buɗe su duka, talatin da huɗu. Babu ƙorafi ko ɗaya. A ciki ta gaya min dabararta: da ta ga ƙafarsa ta fara rawa, sai ta aike shi ofis ya karɓo alli, ko da akwai, don ya zaga ya dawo da nutsuwa. A ƙasan kowace ta rubuta, "Maman yaro, ina so mu gaisa."

Kunya ta rufe ni. Da ina da wayo, da Litinin na je. Amma na ce ba zan je hannu rabbana ba, riga zan ɗinka mata. Da ido na auna ta, tunda daga nesa kaɗai na san ta. Ina ɗinki ina farkewa har sati uku, hutu ya zo, na ce bari a koma.

Ranar da aka koma na goge rigar na sa a leda. Wani saurayin malami na tarar a kujerarta. Shugaban makaranta ya kai ni ofis, sai da na zauna ya yi magana.

"Sai haƙuri, Malama ta rasu, yau kwana tara. Ashe ciwon nan bai tsaya a ƙafa ba."

Na yi salati. Ban san yadda na fito ba.

Da aka tashi na jawo hannun Guguwa, hawaye ya ƙi tsayawa.

"Mama, ki daina kuka."

"Ko sau ɗaya ban ce mata na gode ba."

"Kin ce mana."

"Yaushe?"

"Duk Litinin sai ta tambaye ni, 'Me Mama ta ce?' Ni kuma sai in ce kin ce kin gode." Ya shuri wani dutse. "Tana jin daɗi fa. Har sai ta sa na sake faɗa."

Ya saki hannuna ya ruga bayan dutsen. Ni kuma na tsaya a tsakiyar hanya rungume da rigar.