Dawakan da Ba Su da Likkafa

Wata biyu ke nan da Baba ya faɗi a banɗaki, kuma tun ranar maganarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Likita ya ce ɓarin jikin da ya shanye yana dawowa, hannun dama har ya fara riƙe cokali. Amma da Auta, ƙaramar 'yar Baba, ta tare likitan a bakin ƙofa da batun ƙwaƙwalwa, cewa ya yi, "Wannan sai mun gani." Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihi, wanda in ya ɗauko labari sai shayi ya huce a kofi, ga shi zaune yana kallon labule daga safe har yamma.

Auta tana aiki a wani ƙaramin kamfani mai haɗa wasan yaƙi na kwamfuta, irin wanda mutum ke jera rundunarsa ya tura ta fagen daga. Rabonta a aikin shi ne rundunar Makidoniya ta zamanin da. Ogansu ya riga ya cika baki cewa komai zai dace da tarihi, daga mashi har takalmi, kuma ranar Litinin za a nuna wa masu wasa.

Shi ya sa ranar Asabar da hantsi ta zo gida da kwamfutarta. Ta janyo ƙaramin tebur kusa da kujerar Baba, ta ture kwalaben magani gefe.

"Baba, zan ɗan yi aiki a nan. Ba zan dame ka ba?"

"A'a."

Ta jera dakarun ƙasa sahu goma sha shida, kowa da dogon mashi da ya ninka tsawonsa uku. Ta sa maharba a gefe. Sannan ta fito da mahaya, waɗanda abokin aikinta Dogo ya yi sati uku yana zanawa: kwalkwali yana ƙyalli, alkyabba tana kaɗawa. Ta matso da hoton doki ɗaya ya cika fuskar kwamfutar, tana duba linzami.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas. Baba ne ke buga cokali a hannun kujera.

"Ruwa kake so?"

Bai kalle ta ba. Leɓensa na rawa, yana kokawa da kalma kamar mai ciro guga daga rijiya mai zurfi.

"Lik... likka..."

Mama, da ke shigowa da tawul a kafaɗa, ta tsaya cak. Tawul ɗin ya zame ƙasa.

"Na shiga uku! Likkafani yake kira? Malam, wace irin magana ce wannan da tsakar rana?"

Auta ta matso kusa da shi. Ta kama hannunsa, ta ji shi da ɗumi. Baba ya fizge hannun, ya harari Mama, irin hararar da ya saba yi wa ɗalibin da ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Ya ɗaga cokalin ya nuna ƙafar mahayin.

"Likkafa," ya ce. "Cire."

Auta ta dubi hoton. Ga ƙafar mahayin zaune daram cikin likkafar ƙarfe.

"In cire likkafar? To, da me zai taka?"

"Babu... lokacin." Ya numfasa. "Cinya. Da cinya... suke riƙe doki."

Ta buɗe littattafan da ta tara a kwamfutar. Ta duba hotunan tsofaffin sassaƙe ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ƙafafun mahaya a sake suke, suna reto, babu ko sirdin kirki sai shimfiɗa. Ta ga hotunan nan ya fi sau ɗari, idonta bai taɓa sauka a ƙafa ba.

"Mama," ta ce, "gaskiyarsa ne. Gyara mini aiki yake yi."

Mama ta zauna a bakin gado. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta ɗauki tawul ɗin ta rufe fuska. "Kai, Malam! Wata biyu ina maka magana kana ce mini to. Ashe doki kake jira."

Auta ba ta bari zaren ya tsinke ba. Ta juyo da kwamfutar gabansa, ta sa masa tabarau. Da gangan ta ɗauko giwaye huɗu ta ajiye a gaban rundunar sarkin da ya fara kafa ta.

Baba ya yi tsaki. Rabonta da jin tsakin nan tun kafin ya kwanta, kuma ba ta taɓa zaton zai yi mata daɗi ba.

"Giwa... sai daga baya. Zamanin... magadansa." Ya kaɗa cokali. "Kin sani. Kina... gwada ni."

"Na tuba, Baba."

Suka ci gaba. Kalma tana fitowa da ƙyar, wata ta maƙale sai ya nuna da hannu. Ya sa ta rage girman garkuwar masu dogon mashi, ta rataya musu ita a kafaɗa da maɗauri, tunda mashin hannu biyu yake ci. Ya sa ta kai manyan mahaya hannun dama. Sau ɗaya ya kira wani sarki da sunan ɗan sarkin, sai ya gyara da kansa.

Ta fita baranda ta kira Dogo.

"Sai ka cire likkafa daga dawakan nan duka."

"Yau Asabar fa! Wane sarkin iyayin ne ya ce?"

"Babana."

Dogo ya san halin da ake ciki, shi ya riƙe mata aiki satin da suka kwana asibiti.

"Baba ya yi magana?"

"Har da tsaki."

"To, ko ƙafafun dawakan ya ce a cire, yau zan cire."

Da ta koma ɗaki, Mama na tsaye bakin taga da waya a kunne, tana ba ƙanwarta labari da ƙarfi, ta maimaita zancen likkafani karo na biyu tana share hawaye. Baba ya jingina, gajiya ta fito a fuskarsa, amma idonsa na kan sahun masu mashi. Ya ɗaga cokali ya buga sau ɗaya.

"Rage murya," ya ce wa Mama. "Ana darasi."