Basamude Ya Karɓi Baƙo

Tun daga ƙofar gida Likitar Kaji ta jiyo ƙamshin nama. Yayyenta ne suka laƙaba mata sunan, da ta gama karatun kiwo. A bayanta ga malaminta da ta taro daga tasha, ya zo takanas don ya ga Basamude.

Basamude zakara ne. Shekara uku ta yi tana zaɓe kafin ta same shi: ta ware masu saurin girma, ta hana 'yan uwa ɗaya haɗuwa, ta yi faɗa da kowa a gidan.

"Kullum babba kuke yankawa, ku bar tsamurarru su hayayyafa," takan ce. "Shi ya sa kajinmu suka koma kamar kurciyoyi!"

"Haka Allah ya yi su," in ji Baba.

Yau idan malam ya gamsu, zai ɗauke ta aikin inganta iri.

Ta zaunar da shi a falo, ta zagaya akurki. Wayam. Jan zaren da ta ɗaura wa zakaran a ƙafa yana rataye a ƙusa.

"Inna, ina Basamude?"

"Yana faranti. Baƙo kamar malaminki a yanka masa tsamurarre? Me za a ce da mu?"

"Shi fa ya zo gani!"

"To, ai zai gan shi."

Daga falo ta ji muryar malam, baki cike: "Kai, maigida! Wannan cinya! In na yankawa ne haka, ina ga wanda aka bari na iri?"

Baba ya shiga tari.

Likitar Kaji ta jingina da bango, idonta ya kawo ruwa. Sai ta ji mai yana tsuwa a kasko. Inna ta jawo kwandon ƙwan da aka tara satin nan, ta ɗaga ɗaya za ta fasa.

"Naman ba zai ishe su ba, bari in ƙara musu."

Ƙwai tara, kowanne rabinsa Basamude ne.

Tsalle ɗaya ta yi ta cafke hannun Inna. Ta rungumi kwandon, ta goge ido da gefen mayafi, ta shiga falo.

"Malam, ga 'ya'yansa, a ba mu sati uku a ƙyanƙyashe su," ta ce. "Uban kuwa kun riga kun gaisa."

Malam ya dubi ƙashin da ke hannunsa, ya ajiye a hankali.