Faratan Malam Musbahu

Duk garin Anka, in ka cire matarsa Sa'adatu, babu wanda ya san abin da ya sa Malam Musbahu ke yawo da hannun dama cikin aljihu. Yaran da yake koyarwa a firamare sun ce ƙazuwa gare shi. Abokan aikinsa sun ce jin kai ne. Duk ba su canka ba. Farce yake tarawa, na babban yatsa da na biyun da ke bin sa, don da su yake kaɗa jita.

Jitar wani ɗan bautar ƙasa ne ya bar masa ita da zai koma garinsu. Cikin buhun taki Musbahu ya kawo ta gida, kuma ƙarƙashin gado take zama. Ba ya waƙa, ba ya zuwa biki, bai taɓa roƙon kowa ba. In ya taso daga makaranta ya ci abinci, sai ya tura ƙofa, ya zauna bakin gado ya yi ta ciro muryar molo da ta gurmi daga tsirkiyoyin nan shida, a hankali, yadda ba za ta tsallaka katanga ba. Sa'adatu tana tsintar shinkafa tana gyaɗa kai. Ita ce iyakar masu sauraronsa, kuma haka yake so, don ya san mutanenmu sarai. Za su saurari kiɗa har su lumshe ido, amma ka ce su ba makaɗi 'yarsu ka ga yadda fuska ke canzawa.

Wanda yake tsoro ya sani shi ne surukinsa, Malam Gidaɗo na Bukkuyum, manomi mai shanu, wanda ke jan salla a masallacin ƙofar gidansa. Shi a saninsa ga malamin makaranta ya ba da 'yarsa, kuma haka yake faɗa wa mutane da alfahari. Surukuta ta rufa wa Musbahu asiri tsawon lokaci. Ai ba a miƙa wa uban mata hannu, durƙusawa ake yi daga nesa, ba a kuma cin abinci a gabansa. Hannun sai ya yi zamansa cikin aljihu lafiya lau.

Ranar sunan ɗan Atiku, yayan Sa'adatu, a Bukkuyum, dubun Musbahu ta cika. Liman ya ce a yi addu'a, kowa ya ɗaga tafukansa, kuma babu yadda mutum zai roƙi Allah da hannu ɗaya a gaban jama'a. Musbahu ya ɗaga. Faratan suka leƙo ta saman yatsu, farare, a goge, an gyara bakinsu da kyau. Da ya saci kallo sai ya ga idon Malam Gidaɗo a kansu. Tsohon ya shafa addu'a tare da kowa.

Ana cikin rabon goro sai ga Haladu mai yankan farce, da 'yar almakashinsa da kwalbar ruwan sabulu. Ya wuce dattawa, ya wuce liman, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Musbahu, ya tsuguna.

"Malam Gidaɗo yac ce in hwara da kai," in ji Haladu, da murya kamar yana talla. Ya jawo hannun ya juya shi. "Kai! Waɗanga akaihu, malam, ko gona kaka nome da su?"

Samari suka tuntsire da dariya. Dattawa suka kau da kai, abin da ya fi dariyar ciwo. Musbahu ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Haladu ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya yanke har nama, ya kankare, sannan ya zuba masa guntayen a tafin hannu, ya ce ya je ya binne. Haka Musbahu ya ratsa taron da su a dunƙule, yana jin an ɗauke shi ƙazami kuma rago. Duk da haka a zuciyarsa ya gode Allah da abin ya tsaya a nan. Gara a ce masa ƙazami da a gano gaskiyar.

Da suka koma Anka ya gwada kaɗawa da tsokar yatsu. Sautin ya fito a dushe kamar mai mura. Ya san kuma tara farce ya ƙare masa, tunda yanzu duk dangin Sa'adatu hannunsa za su fara duba kafin fuskarsa. Ya yi kwanaki yana harara da kowa. Sa'adatu ce ta gaji ta ce masa, "Kai dai tahi Gusau ka bincika. Masu yin jitar ga ba su rasa dabara."

A Gusau aka nuna masa shagon wani ɗan kudu mai sayar da ganguna da kayan kiɗan coci. Sai da Musbahu ya duba gabas da yamma kafin ya shiga. Mai shagon ya zazzage masa wata 'yar gwangwani a kan tebur. Faratan aro ne da ake sanyawa a yatsa kamar zobe, wasu na roba, wasu na ƙarfe, da wasu masu faɗi na babban yatsa. Musbahu ya ɗauki ɗaya ya kifa shi a kan farcensa yadda hankali ya ba shi, ya zama kamar ƙafar shaho. Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya cire ya juya masa shi. Ashe ta gefen tsoka ake sa harshen, ya lanƙwaso sama ya bi bakin yatsa.

Ya daɗe yana zaɓe. Na roba sun fi taushin murya, amma sun matse shi, sai an tsoma su a ruwan zafi kafin su saki. Na ƙarfe kuwa ana buɗa su ko a matse da filaya har su zauna daidai, sai dai bakinsu kaifi, ba su da sirri ko kaɗan. Wani ya yi masa yawa yana juyawa, wani ya tsaya a rabin gaɓa ya ƙi wucewa. A ƙarshe ya ɗauki na ƙarfe biyu, da na roba baƙi don babban yatsa. Mai shagon ya ce masa, da Hausarsa ta kasuwa, sirrin abin ɗaya ne: kada ya riƙa cire su. Ya zauna da su, ya yi yawo da su cikin gida, har yatsun su manta da akwai wani abu a kansu.

Farkon lamarin abin tausayi ne. Mutumin da ya saba jin tsirkiya a bakin farcensa, yanzu ƙarfe ya shiga tsakani, ya zama kamar mai lalube da hannun wani. Ya nufi ta uku ya bugi ta huɗu. Harshen ya maƙale ƙarƙashin tsirkiya ya fizge. Wani lokaci ya ƙwanƙwashi katakon jitar, ƙwas, kamar kaza na tsattsaga faranti. Yatsun suka kumbura, suka yi shaida. Ya matse wannan da filaya, ya buɗa wancan, ya goge bakin na tsakiya a kan dutsen wasa wuƙa saboda ƙarar karce da yake yi. Sannu a hankali ya gane ba daga su ba ne kawai, shi ma sai ya ɗaga wuyan hannunsa ya rage ƙarfi. Rannan Sa'adatu ta ce, "Wagga kam kamar ana gyaran kwano." Ya yi fushi ya ƙi cin tuwo, alhali ya san gaskiya ta faɗa.

Shawarar mai shago kuwa ya riƙe ta da gaske. Yana shigowa gida zai sa su, ba ya cirewa sai alwala da cin abinci. Da su yake duba aikin yara, da su yake ba akuya dusa. Suka zauna masa har ya daina jin su.

Ran kasuwar Anka, da hantsi, ana hutun makaranta, aka yi sallama a ƙofar gida. Malam Gidaɗo ne, ya kawo bijimi kasuwa ya ce bari ya biyo ya ga 'yarsa, ba tare da aike ba. Musbahu ya ruɗe. Ya suri tabarma ya fita zaure da gudu, ya shimfiɗa ta da hannu bibbiyu, ya daidaita gefenta, ya ja baya ya durƙusa yana jero gaisuwa. Bai ji an amsa ba. Da ya bi idon tsohon sai ya ga inda ya sauka. Ƙarafan suna nan a yatsunsa suna ƙyalli, ga baƙin a babban yatsa.

A shekarun nan, tun da haƙar zinari ta buɗe wajen Bagega, labarin masu ɗaure-ɗaure don neman sa'a ya cika ƙasar. Wane an ce kada ya aske kai, wane an ba shi zobe an ce kada ya cire. Malam Gidaɗo ya haɗa lissafinsa nan take: mutum ya tara farce uku, an yanke, ya je ya ƙero na ƙarfe a kan yatsun nan uku dai. Wannan ba ƙazanta ba ce, sharaɗi ne wani boka ya gindaya masa.

Sa'adatu ta fito da kwanon fura ta durƙusa. Uban bai dubi furar ba, bai kuma dubi Musbahu ba. Da ita ya yi magana, da sanyin murya.

"Sa'a, shiga ki ɗauko mayahinki. Innarki na son ganin ki."

"Lahiya dai, Baba?"

"Lahiya ƙalau. Ni dai ban aje ɗiyata gidan da aka tsahi. Na ga abin da nig gani Bukkuyum, nic ce ƙuruciya ta. Ashe alƙawali na anka ɗaukam ma wani. In shina da bayani, shi aiko manyanai."

Musbahu ya maimaita kalmar a ransa. Tsafi! Shi da ko laya bai taɓa ratayawa ba. Ya san in Sa'adatu ta hau motar Bukkuyum da wannan magana, kafin la'asar ta zama gaskiya a bakin kowa, kuma babu manyan da za su iya wanke ta. Ya tashi ya shiga cikin gida. Sa'adatu ta biyo shi, ta same shi durƙushe yana jawo buhun taki daga ƙarƙashin gado.

"Don Allah kak ka hiddo ta," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Bari in bi shi, in ya huce sai mu san abin hwaɗi."

"Mi za mu hwaɗi?" ya ce. "In kin tahi da wagga magana, ba ki dawowa."

Ya fito da jitar zaure a rungume, kansa a ƙasa. Ya zauna a dandaryar ƙasa nesa da tabarmar, ya ce, "Baba, a gahwarce ni. Ga abin da nika yi da su." Bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, har ya fi son a ce ƙasa ta buɗe.

Ya so a ce hannun ya ba shi kunya yadda ya saba, ya yi ƙwas-ƙwas ɗinsa, tsohon ya ɗauka wasan yara ne da aka tsinta jiya. Ina! Yau ɗin da ba ya so, yau suka ga damar yi masa biyayya. Babban yatsa ya kama tafiyarsa a ƙasa, ƙarafan biyu suka hau kai, sautin ya fito garau, kowace tsirkiya da muryarta. Ga ƙarfe ba ya rufa asiri. Kiɗan ya cika zauren ya fita titi. Mai turin ruwa ya ajiye kurarsa, maƙwabta suka fara leƙowa, har da wani malamin makarantarsu da ya zo wucewa a kan babur. Duk wanda ya ji ya san wannan hannun ya yi shekaru yana yi.

Musbahu ya tsayar da kiɗan. Malam Gidaɗo ya daɗe yana kallon jitar. Ya sauke ajiyar zuciya, ta mutumin da aka cire masa babban tsoro aka ba shi ƙarami.

"Alhamdu lillahi, ba tsahi ba na," ya ce. Ya juya wajen ƙofar cikin gida inda Sa'adatu ke raɓe. "Aje mayahin. Zamna ɗakinki."

Musbahu ya ji numfashinsa ya dawo. Yana shirin yin godiya sai tsohon ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro takardar kuɗi sabuwa. Bai ba 'yarsa ba, bai ce a sai wa gida wani abu ba. Ya miƙa hannu ya ajiye ta a ƙasa gaban gwiwar Musbahu, a gaban duk masu leƙe, yadda ake ajiye wa makaɗi in ya gama.

"Madalla da kiɗi," ya ce. "Ɗauka mana."

Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a kuma barin ta a ƙasa yana kallo. Musbahu ya kai hannun dama. Takardar ta kwanta lif da daɓe, ƙarafan suka ƙi kama ta. Ya yi ta karta, tana zamewa, yana bin ta, ƙarar ƙarfe a kan siminti na shiga kunnen kowa, Malam Gidaɗo na zaune yana jira.