Abin da Baba Ya Faɗa wa Auta

Auta ya shafa wa Baba kumfa a haɓa, ya ɗauki reza yana bi a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

"Gaya wa wanzamin nan," in ji Baba ta gefen bakinsa mai motsi, "in ya yanke min kunne, nasa zan ara."

Na fassara. Auta ya yi dariya, amma a makare, bayan ta Baba ta riga ta huce.

Baba ne da kansa ya kafa dokar shekarar da muka zo ƙasar nan: ban da Hausa a gidansa. Ya gaji da yadda fasinjoji ke kwaikwayon Turancinsa a tasin da yake ja. "Ɗana ba zai buɗe baki a yi masa dariya ba," ya ce. Ni da Hausata na zo. Auta kuwa a nan aka haife shi, dokar ta kama shi sarai. Ko faɗa Mama za ta yi masa, sai ta tsaya laluben Turanci har fushin ya wuce.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki. Ta kwashe Turancin Baba kaf, ta bar masa harshen da ya hana.

*

Ranar da likita ta ja mu gefe a asibiti ta yi mana magana ƙasa-ƙasa kan jikin Baba, muna komawa ɗakin ya dube ni.

"Fita, sarkin iyayi. Maganar maza ce."

"Baba, ai ba ya ji."

"Ɗana ne. Zai ji."

Na koma can kan benci na zauna. Ta gilashin ƙofa ina hango bakin Baba na motsi, hannunsa mai lafiya riƙe da wuyan rigar Auta. Auta sai gyaɗa kai yake. Na san me yake cewa: "To, Baba." Iyakar Hausarsa ke nan.

Sun daɗe. Da ya fito ya nufo ni da sauri, leɓunansa na motsi, yana maimaita wani abu don kada ya zube masa a hanya.

"Yaya, kar ki yi magana tukuna," ya ce da Turanci. "Na riƙo ƙarshen maganarsa."

Ya rufe ido ya furta. Hawa da saukar muryar Baba ce sak, amma babu kalma ko ɗaya da na tsinta a ciki.

"Sake faɗa, ɗan ƙanena."

Ya sake. Wannan karon bai kai na farko tsawo ba.