Rufin Majami'ar Bakin Rafi

Nicholas bai ko kashe injin katafilar ba ya diro. Da gudu ya faɗa majami'ar, inda Mama Rosemary, shugabar mawaƙa, take koya wa mata waƙar makiyaya.

"Mama, a tsaya! Oga ya ce in rushe nan kafin ƙarfe huɗu."

Mai buga tulun kiɗa ta saki hannu.

"Nan ina? Ɗakin Allah?" in ji Rosemary.

"Hanya za ta bi ta kansa. Jibi manyan gwamnati za su taso daga Legas baki ɗaya zuwa sabon babban birnin nan, ba a son su ga langa-langa."

Disambar 1991 ce. Ran Lahadi za a yi sujadar waƙoƙin Kirsimeti, karatu tara, waƙa tara, wata biyu suna shiri. Nicholas kuwa shi ne babbar muryar maza.

"To kai za ka rushe?"

"In na ƙi a kore ni, wani ya hau. Shi ba zai zo ya gaya muku ba."

Rosemary ta ɗaga kai. Rufin kwano ne a kan katako, ginshiƙai goma sha biyu.

"Perpetual, ruga ki kira maza! Har masu sayar da katako."

Ƙarfe biyu aka tone ginshiƙan. Mutum talatin suka sa kafaɗa, har da Nicholas. Ɗagawar farko gaba ya tashi, baya ya ƙi, wani katako ya yi ƙara.

"Za ku karya mini coci!" in ji Rosemary. "Leonard, kana ja kamar mai jan akuya. Ku bi tulu! Bugu ɗaya, taku ɗaya."

Ta ɗaga waƙar makiyayan. Mata suka amsa. Rufin ya tashi, ya fara tafiya. In baiti ya ƙare a sauke, Perpetual ta karanta aya biyu daga karatun Lahadi, su yi numfashi. Manniru mai katako bai san waƙar ba, amma ƙafarsa ba ta kuskure ba.

"Mama, saura baiti nawa? Wuyana!" in ji Leonard.

"Uku. Yi shiru ka taka."

Huɗu saura kwata suka dire rufin bayan rafi, a karkace. Motar oga ta ɓullo.

Nicholas ya haye katafila, kafaɗarsa na jini, ya bi ta kan daɓen da ba kowa.

"Gobe ƙarfe biyar gwaji!" Rosemary ta ƙwala masa kira. "Kada ka makara!"